Hukunci a Nesa, Haɗari a Kusa: Ƙungiyoyin Agaji da Fasahar Zamani a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙungiyoyi masu zaman kansu, musamman na agaji da na kiwon lafiya, suka rungumi aiki daga nesa da na'urorin zamani a arewacin Nijeriya tsakanin 2013 da 2025. Ta nuna cewa rashin tsaro ne ya fara tilasta wannan salon aiki a jihohin Borno, Yobe da Adamawa, shekaru kafin ɓullar korona. Ta bibiyi ayyuka uku da suka koma kan waya: tattara bayanai, rabon tallafi da sa ido kan ma'aikata. Hujjar maƙalar ita ce, fasaha ta sauƙaƙa wa bayani isa ofis, amma ta bar ɗawainiya da haɗari a wuyan ƙaramin ma'aikaci da ƙaramar ƙungiya. Saboda haka ta ba da shawarar a riƙa auna nasarar wannan sauyi da yawan ikon da aka sakar wa waɗanda ke bakin aiki.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci aiki daga nesa, abin da ke zuwa a ran yawancin mutane shi ne ma'aikaci zaune a falonsa yana halartar taro ta Zoom saboda an rufe ofis. Wannan siffa ta dace da manyan ofisoshin Abuja da Legas. Ga ƙungiyar da ke aiki a Monguno ko Gwoza ko Anka kuwa, lamarin ya sha bamban. Shugaban shiri yana Maiduguri ko Abuja, wani lokacin ma a Turai, aikin kuma yana garin da ba ya iya zuwa sai a jirgi mai saukar ungulu, ya yi 'yan sa'o'i ya juyo. Wanda ke riƙe da aikin safe da yamma ɗan gari ne, ko wata ƙaramar ƙungiyar cikin gida da aka ba kwangila, kuma abin da ya haɗa su da ofis waya ce.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: da aiki ya rabu gida biyu haka, me ya tafi nesa, me ya tsaya a kusa? Don amsa ta, an dogara da abubuwan da suka faru a bainar jama'a a arewa maso gabas da arewa maso yamma, da kuma yadda manhajojin da ƙungiyoyin ke amfani da su suke aiki.

2.0 Mafarin Aiki Daga Nesa

2.1 Rashin Tsaro

A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, an katse layukan waya a jihohin, kuma Borno ta shafe watanni babu sabis. Kafin nan ma mayaƙan Boko Haram sun riga sun ƙone turakun sadarwa da dama. Don haka lokacin da ƙungiyoyin agaji suka kwararo Maiduguri daga 2016, sun tarar da garuruwan da babu hanyar mota mai aminci zuwa cikinsu, babu kuma layin waya.

Mafitar da aka samo ita ce gina masaukan ma'aikatan agaji a garuruwa irin su Gwoza, Bama, Ngala, Dikwa, Monguno, Banki da Damasak, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya. Sashen sadarwar gaggawa da Hukumar Abinci ta Duniya ke jagoranta, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Nuwamban 2016, ya kafa musu intanet ta tauraron ɗan'adam da rediyon tsaro. A wasu garuruwan, masaukin nan shi kaɗai ne wurin da ake iya aika saƙo zuwa Maiduguri.

Hare-hare suka ƙara nesanta shugabanni da bakin aiki. A ranar 1 ga Maris 2018 an kashe ma'aikatan agaji uku a Rann, aka sace ma'aikatan lafiya mata uku. A watan Maris na 2021 aka kai hari Dikwa, a watan Afrilu aka kai Damasak, aka lalata kayan ƙungiyoyi. Bayan kowane irin wannan hari akan janye manyan ma'aikata zuwa Maiduguri, a ci gaba da tafiyar da aiki ta waya ta hannun 'yan gari.

2.2 Annobar Korona

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, aka rufe Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, Ogun da Kano suka biyo baya a watan Afrilu. A nan ne ma'aikatan ofis su ma suka ɗanɗani abin da na filin aiki suka daɗe a ciki. Taron bita da a da ake yi a ɗakin otal ya koma Zoom da Teams. Takardar neman kuɗi da sai ta bi tebur huɗu ana sa mata hannu ta koma imel. Zaurukan WhatsApp suka zama ofis na gaske, inda ake raba aiki, a turo hoton rasit, a ba da umarni da saƙon murya.

Da annobar ta lafa, yawancin waɗannan sauye-sauye ba su koma yadda suke ba, domin ƙungiyoyi da masu ba su tallafi sun ga sauƙin da aka samu a kuɗin tafiye-tafiye da na masauki.

3.0 Ayyukan da Suka Koma Kan Waya

3.1 Tattara Bayanai

Takardar tambayoyi ita ce ta fara barin hannun ma'aikata. Manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda suka samo asali daga jami'o'in Amurka kuma ake samun su kyauta, sun ba da damar cike fom a waya ko da babu sabis, a tura daga baya idan an samu. Fom ɗin yana ɗaukar lokacin da aka fara da lokacin da aka gama, da daidai wurin da aka tsaya, har da hoto. Aikin da a da sai an kwashi makonni ana shigar da shi kwamfuta, yanzu jami'i a Abuja yana ganin sa a daren ranar da aka yi shi. Cike fom a ƙarƙashin bishiya da sunayen ƙarya ya yi wuya, tunda wayar za ta nuna cewa gida arba'in duk a wuri ɗaya aka ziyarce su.

Sai dai fom yana karɓar abin da aka tsara shi ya karɓa ne kawai. Mu ɗauki misalin matashiya mai tattara bayanai a wani sansanin 'yan gudun hijira. Ta durƙusa gaban wata dattijuwa ta ce, “Mama, sau nawa kuka ci abinci jiya?” Dattijuwar ta ce sau biyu, sannan ta ƙara da cewa rabin hatsin da aka ba su sayarwa suke yi su sayi itace, domin fita daji neman itace ya zama kasada ga 'yan matansu. A fuskar wayar akwai gurbi huɗu: sau ɗaya, sau biyu, sau uku, babu. Matashiyar ta danna “sau biyu”, ta wuce tambaya ta gaba, saboda gidaje ashirin ake jira ta gama kafin la'asar, cajin wayar kuma ya yi ƙasa. Maganar itace, wadda ita ce ainihin labarin gidan, ba za ta isa Abuja ba. A da, shugaban shiri da ke zagayawa da ƙafarsa yana iya tsintar irin wannan magana a bakin mutane. Yanzu lambobi yake gani, kuma lambobin sun nuna gidan yana cin abinci sau biyu.

3.2 Rabon Tallafi

Sauyi na biyu shi ne komawa daga rabon buhuna zuwa rabon kuɗi ko katin sayayya. Ana yi wa magidanci rajista da zanen yatsa, a ba shi kati, ya je shagon ɗan kasuwar da aka amince da shi ya zaɓi abin da yake so. Hukumar Abinci ta Duniya tana da tsarinta na rajista mai suna SCOPE, wasu ƙungiyoyin kuma suna bi ta bankuna ko kamfanonin waya. Amfanin a fili yake: an rage jerin gwanon motocin kaya a hanyoyi masu haɗari, an rage karɓa sau biyu, kasuwar gari ta motsa, mai karɓa kuma ya samu mutuncin zaɓar abin da zai ci.

Amma tsarin ya jingina ne da abubuwan da ba a hannun ƙungiya suke ba. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya haifar da ƙarancin tsabar kuɗi, mutum yakan ga alat a wayarsa amma ya rasa inda zai cire, masu POS kuma suka tsawwala kuɗin cirewa. Haka nan na'urar zanen yatsa takan ƙi karanta hannun tsoho ko na manomin da fartanya ta cinye masa yatsu. Idan haka ta faru, ma'aikacin da ke wurin ya san mutumin, bulama ya shaide shi, amma sau da yawa ba shi da ikon gyara rajistar. Sai ya tura koke Maiduguri, mutumin ya koma gida hannu rabbana ya jira.

3.3 Sa Ido: Darasi Daga Yaƙi da Shan Inna

Misalin da ya fi nuna yadda fasaha ke yin amfani idan an haɗa ta da mutanen gari shi ne yaƙi da cutar shan inna. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, ta yi aiki da gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya wajen zana taswirar ƙauyuka daga hotunan tauraron ɗan'adam, da ba ayarin masu allurar rigakafi wayoyin da ke nuna duk inda suka taka. Da yamma a duba taswira a ga rugar da aka tsallake, washegari a koma mata.

A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga cutar ba, sai ta sake ɓulla a ƙananan hukumomin Jere da Gwoza, a jikin yaran da suka fito daga yankunan da ma'aikata ba sa iya shiga. Hoton sama yana iya nuna cewa akwai mutane a ƙauye, amma ba ya ɗiga wa yaro magani a baki. Abin da ya cike giɓin shi ne amintattun mutanen yankin, masu shiga da fita, waɗanda aka horar su kawo labarin duk yaron da ƙafarsa ta shanye, wasu kuma su shiga da maganin. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Abin lura a nan shi ne, bayanin da aka tara da rana yana dawowa hannun masu aikin a daren, su gyara tafiyar gobe da shi. A shirye-shirye da yawa kuwa, bayani idan ya hau ba ya saukowa.

4.0 Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

4.1 Sabis, Wuta da Data

Aiki daga nesa yana bukatar abu uku: sabis, wuta da data. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da tabbas a yankunan da ake magana. A watan Janairun 2021 an fasa turakun wutar da ke kai lantarki Maiduguri, birnin ya shafe watanni cikin duhu. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layuka a duk faɗin Zamfara, daga baya aka rufe wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Mai son aika rahoto daga Gusau sai ya hau mota ya bar jihar, a kan hanyar da 'yan bindiga ke tarewa. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 kuma gwamnati ta dakatar da Twitter, dandalin da ƙungiyoyin fafutuka da dama suka dogara da shi wajen isar da kira ga hukumomi.

Ga kuma tsada. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin tayar da janareta, a watan Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Babbar ƙungiya tana iya sayen sola, ta kafa Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Ƙaramar ƙungiyar da ke Potiskum ko Ƙaura Namoda ba ta da wannan hali, musamman da yake kwangilolin da ake ba ta sukan biya kuɗin aikin kawai, ban da na gudanar da ofis. Sakamakon shi ne ɗan sa-kai ya sayi data daga alawus ɗinsa, ya biya mai shagon caji, ya yi aikin ƙungiya da wayarsa ta kansa. Kuɗin da aka ce an rage a ofis, wani ɓangarensa aljihun wannan matashi ya koma.

4.2 Haɗarin Rai

A watan Yulin 2020 mayaƙa sun kashe mutum biyar masu aikin agaji da suka sace a Borno, dukkansu 'yan Nijeriya. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a fagen agaji a duniya: mafi yawan waɗanda ake kashewa ko sacewa 'yan ƙasa ne. Idan ƙungiya ta janye manyan ma'aikatanta ta bar aikin a hannun 'yan gari, haɗarin yana nan, mai ɗaukarsa ne ya canza. Wayar aikin ma kanta tana iya zama abin tuhuma. Mutumin da aka tare a hanya aka samu taswira da jerin sunaye da hotuna a wayarsa, zai sha tambaya a hannun kowane ɓangare.

A taron ƙoli kan ayyukan jinƙai da aka yi a Istanbul a watan Mayun 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. Wa'adin ya wuce ba a cika alkawarin ba. Aiki ya sauka hannun na gida, kuɗi da hukunci ba su biyo shi ba.

4.3 Sirrin Bayanai

Rajistar 'yan gudun hijira ta ƙunshi suna, garin asali, zanen yatsa, wani lokacin har da bayanin fyaɗe ko na wanda ya baro daji ya miƙa wuya. A watan Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar da cewa masu kutse sun shiga rumbun da ke ɗauke da bayanan mutum fiye da 515,000. Idan haka ta samu ƙungiya mai wannan ƙarfi, sai a yi tunanin jerin sunayen da ke yawo a zaurukan WhatsApp da wayoyin da babu kalmar sirri a kansu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta shafi ƙungiyoyi masu zaman kansu, ta sanya zanen yatsa da bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Akwai kuma tambayar da doka kaɗai ba ta warware ba: yardar mai jin yunwa, wanda ya san sai ya dangwala yatsa zai samu abinci, yarda ce ta gaskiya?

4.4 Harshe da Mata

Ana magana da harsuna fiye da talatin a yankin da rikicin arewa maso gabas ya shafa, amma fom yawanci da Ingilishi ake rubuta shi, mai tambaya ya fassara da ka zuwa Hausa ko Barbarci, kowa da irin tasa fassarar. Mace mai jin Marghi ko Larabcin Shuwa ko Fulatanci kaɗai sai ta nemi tafinta, galibi namiji daga dangi, abin da ke hana ta faɗin wasu abubuwan. A gidaje da yawa kuma waya a hannun maigida take. Layin koke da aka buɗe don mata, idan ta wayar miji za a kira shi, an rufe shi tun kafin a buɗe.

5.0 Shawarwari

Na farko, kuɗin data, caji, waya da gyaranta su shiga kasafin kowane shiri a fili, kuma masu ba da tallafi su amince wa ƙananan ƙungiyoyi da kason gudanar da ofis kamar yadda suke amince wa manya.

Na biyu, duk aikin da aka miƙa wa na kusa a miƙa masa shi da ikonsa: ikon gyara rajistar wanda na'ura ta ƙi, ikon ɗage rabo idan hanya ta ɓaci, ikon kashe wani adadi na kuɗi ba tare da jiran Abuja ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, kowane tsari ya kasance yana da madadin da zai yi aiki ranar da babu sabis: fom na takarda, jerin sunaye da aka buga, da yarjejeniya da mai ba da tallafi cewa rahoto zai iya jinkiri idan an rufe layi. Ƙoƙarin da cibiyar CITAD ta Kano ke yi na ganin an kafa hanyoyin sadarwa mallakar al'umma a ƙauyukan da kamfanoni ba su kai ba ya cancanci goyon bayan sauran ƙungiyoyi.

Na huɗu, a rage yawan bayanan da ake karɓa zuwa abin da aikin ke bukata, a ƙayyade ranar goge su, a daina tura sunayen mutane ta zaurukan hira.

Na biyar, a fassara fom a rubuce zuwa harsunan masu amsawa, a bar gurbin saƙon murya a ƙarshensa, a kuma naɗa wanda aikinsa ne ya saurara. Sakamakon kowane bincike a mayar da shi ga waɗanda suka tattara shi da al'ummar da aka tambaya.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙungiyoyin agaji a arewacin Nijeriya sun karɓi fasahar zamani da sauri, kuma ta ba su damar ci gaba da aiki a wuraren da da sai dai a rufe shi. Ta kuma nuna cewa ribar da wahalar ba a wuri ɗaya suka sauka ba. Wannan batu zai ƙara tsanani nan gaba. Dakatar da tallafin ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairun 2025, da rufe hukumar USAID a watan Yulin shekarar, sun tilasta wa ƙungiyoyi da yawa rage ma'aikata da rufe ofisoshin reshe, wato aikin da za a riƙa gudanarwa daga nesa zai ƙaru, kuɗin yin sa kuma ya ragu. A irin wannan hali, ƙungiyar da ke son sanin ko ta daidaita da zamani sai ta duba abu biyu a tsarinta: hukunci nawa ma'aikacinta na bakin aiki yake iya yankewa ba tare da ya jira ofis ba, kuma nawa yake kashewa daga aljihunsa kafin rahotonsa ya isa.